Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya

Jama'a, duk wanda ya bi ta ƙofar makarantar firamare a ƙauye da hantsi ya san abin da za mu faɗa. Yaro ya fito gida da ɗan guntun ɗumame, wani ma ko koko bai kurɓa ba, ya zauna a ƙasa malam na ta fama, shi kuwa hankalinsa na wajen tukunya. Ga gonar ubansa nan bayan katangar makarantar, cike da wake da gyaɗa, amma da kaka an sayar da su arha don biyan bashi. Wane irin tsari ne wannan?

Binciken lafiya na ƙasa na 1918 ba mu da shi, amma na 2018 yana nan: a cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya, 37 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa sun fi rabi. Waɗannan su ne ke shiga aji ɗaya. Yaron da jininsa ya yi ƙaranci ba ya riƙe karatu, kuma ƙyanda ko gudawa in ta same shi sai ta kwantar da shi warwas. Maganin kuwa a gonakinmu yake: wake da waken suya da ƙuliƙuli, zogale da rama da kabewa, ƙwai da nono.

Ba mu ce ba a taɓa gwadawa ba. A 2005 Gwamnatin Tarayya ta ɗan taɓa a wasu jihohi, ya mutu kusan ko'ina sai Osun da ta riƙe nata. A 2016 aka sake tayar da shirin da sunan ciyar da yara daga amfanin gida, aka yanka wa kowane yaro na aji ɗaya zuwa uku Naira 70, daga baya aka mai da ita 100. Gwamnati ta ce yara fiye da miliyan 9 sun ci. Mun yarda yara sun ƙaru a aji, gama inda abinci yake nan yaro ke zuwa. Amma masu dafawa sun sha yin kukan jinkirin biya, kuma a 2024 Naira 100 ba ta isa ƙwai ɗaya ba. A watan Janairu na wannan shekarar aka dakatar da shirin tare da 'yan'uwansa don a binciki kuɗi. Manya suka yi rikicinsu, 'ya'yan talakawa suka sha yunwar.

To, ina manomi a cikin duk wannan? Sunansa aka sa a kan shirin, amma ba wata doka da ta tilasta a sayi ko mudu ɗaya daga hannunsa. Ku dubi Barazil. A 2009 suka kafa doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta da gwamnatin tarayyarsu ke bayarwa lalle a sayi kaya da shi daga ƙananan manoma. Watau manomi ya san mai sayen kayansa tun kafin ya yi shuka. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ma ta keɓe ran 1 ga Maris don wannan al'amari, aka fara bikinta a Yamai a 2016. Biki dai mun iya shi, saura aiki.

Ga abin da muke nema. Na farko, a mai da ciyar da yara doka, don kada kowane sabon mai mulki ya ɗage shi ran da ya ga dama. Na biyu, a rubuta a dokar cewa kaso sananne za a saya daga manoman ƙaramar hukumar da makarantar take. Na uku, a biya manomi da mai dafawa kai tsaye kuma kan kari, gama talaka ba shi da ƙarfin bai wa Gwamnati bashi. Na huɗu, a liƙa lissafin kuɗi da na mudu a ƙofar makaranta, iyaye da malamai su riƙa dubawa. Na biyar, inda akwai ruwa a yi ɗan lambu, yara su koyi shuka abin miyarsu.

Ku kuma 'yan kasuwa, kada wani ya ruɗe ku cewa za a cire ku. Manomi ba shi da sito, ba shi da mota. Ku ne za ku tara, ku auna, ku adana har bazara, ku kai. Wanda zai rasa shi ne ɗan kwangilar da bai san hanyar ƙauyen ba. Amma fa ku ji tsoron Allah a kan mudu, kada ku kai wa yara wake mai ƙwari ko wanda aka zuba wa maganin da bai sha iska ba, domin 'ya'yanku na cikin masu ci.

Saboda haka, ƙungiyoyin manoma da na kasuwa da na iyayen yara, ku haɗa kai tun daga mazaɓa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi a gaban jama'a: abincin makarantar garin nan, daga gonar wa za a saya, kuma nawa? In ya kasa amsawa, kun san matsayinsa. Allah ya raya mana zuriya, amin.