Daina Ɗura Wa Jitarka Supa Gulu, Ƙashin Saniya Na Nan a Mahauta

Na san wani zai ce me ya haɗa mai gyaran waya da jita. Abin da ya haɗa mu shi ne supa gulu. Ɓarnar da nake gani kullum a cikin wayoyin mutane, ita na gani a wuyan jita, kuma raina ya ɓaci.

Kwanakin baya wani matashi daga wajen Kwangwalam ya kawo min wayarsa a sa mata bakin caji, da jita rataye a kafaɗarsa. Ya ce tun da aka yi mata gyara ta daina riƙe sauti, yana ɗaure tsirkiya tana ƙas, sai muryar ta zarce inda yake so. Na karɓa na duba. Ɗan farin abin nan da ke ƙarshen wuyan jita, wanda tsirkiyoyi shida suke hawa kansa kafin su kai maɗaurinsu, shi ne ya tsage, wani gwani ya cika shi da supa gulu har cikin ramukan. Masu jita suna ce masa nat. Ba notin da ake ɗaurewa da sifana ba ne, matashi ne da tsirkiya ke ɗora kai.

Ɗan uwa, idan kai ma haka aka yi wa taka, ka sani ba gyara aka yi maka ba. Nat ba ya buƙatar gam mai yawa, domin nauyin tsirkiyoyin da kansu ke danne shi. Ɗigo biyu na farin gam ɗin kafinta ya isa, don kawai kada ya zame gefe. Dalili kuwa, abu ne da ke cinyewa, dole wata rana a cire shi. Wanda ya malala supa gulu, ranar cirewa sai ya taho da tsokar katakon wuyan. Daidai yake da mai manne sikirin da supa gulu maimakon B-7000: yau ka biya kuɗi kaɗan ka tafi kana murna, gobe a zo buɗewa komai ya farfashe.

Ga kuma mutum na biyu da nake da ja da shi, wato ɗan gayun da ya kwana a YouTube ya tashi yana cewa sai an yi oda daga waje kafin jita ta yi daɗi. Malam, tsaya ka ji yadda abin ke aiki. Da zarar ka danna tsirkiya a kan ɗaya daga ƙarafan da aka gicciya a wuyan jita, waɗanda ake kira firet, tsirkiyar daga wannan ƙarfen take kaɗawa, nat ya fita daga lissafi. Abin da aka yi shi da shi yana taɓa muryar tsirkiyar da aka kaɗa ba a danna ba ne kawai. Babban aikinsa uku ne: ya raba tsirkiyoyi daidai, ya riƙe su a tsayin da ya dace, ya kuma bar su su zame in ana ɗaurewa. Duk ukun nan aikin yanka rami ne. Ka sayo mafi tsada a duniya, in ramin bai yi ba, ka zubar da kuɗinka.

Kuma odar da kake yi, ka auna kuwa? Faɗin nat na jitar lantarki irin Fender Stratocaster wajen milimita 42 ne, na Gibson wajen 43, mai tsirkiyar nailan kuwa ya kai 52. Ka yi oda da ka, ka jira makonni, ya iso bai shiga ba.

Ba na cewa kayan waje ba su da amfani. Robar da ke zuwa da jita mai araha ita ce mafi muni, wata ma cikinta fanko ne, tsirkiya ta cinye ta, zafin watan Afrilu da bushewar hunturu su ƙarasa ta. Akwai TUSQ na kamfanin Graph Tech da ke Kanada, ƙaƙƙarfan abu ne mai kyau, kuma ko'ina a jikinsa ƙarfinsa ɗaya. Akwai mai sinadarin bakin fensir, yana da santsi, ya dace da jitar lantarki mai sandar girgiza sauti. Akwai na tagulla, yana daɗewa amma yana da wuyar yanka. Hauren giwa da aka yi amfani da shi a da, tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, kada ma ka nema. Amma abin da manyan masu ƙera jita a Amurka da Sifen suke sa wa masu tsada har yau, ƙashi ne. Na saniya, wani lokaci na raƙumi.

To ka faɗa min, ɗan masarautar Daura, da kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa a bayan gidanka, ranar Lahadi shanu da raƙuma har ido ya gaji, me zai sa ka tura kuɗi waje a aiko maka da ƙashin saniya a leda? Masu garaya da gurmi da goge ba su taɓa jiran jirgi ya kawo musu jakin da ke tallafe tsirkiya ba, da hannunsu suke fiƙe shi. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar da duniya ke ji da shi, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, kuma ta bulutut da mimori suka yaɗu daga waya zuwa waya. Bahago ne ma. In kai ma bahago ne ka juya tsirkiyoyin jitar dama, dole ka sake nat, domin ramin tsirkiya mafi kauri ya koma wurin mafi siranta.

Ga yadda na yi wa yaron nan, kai ma za ka iya:

1. Je wurin mahauci ka karɓi ƙashin ƙwauri, shi ne mai kauri da tauri. Cire ɓargon, ka dafa da ruwa da omo, ka sake ruwa ka maimaita, sannan ka jiƙa a tina kwana biyu ko uku, ka shanya a inuwa. In maiƙo ya rage a ciki, gam ba zai kama ba, kuma zai ɓata katako.

2. Sassauta tsirkiyoyi. Bi gefen tsohon nat da reza don fenti kada ya ɓare, ka ɗora ɗan katako a jikinsa ka buga a hankali. Kada ka yar da shi, shi ne ma'auninka.

3. Yanka ƙashin da zarto, ka goge da magagari da samfefa har ya zauna daram ba ya motsi. Rufe hancinka, ƙurar ƙashi ba abin shaƙa ba ce.

4. Kwafi tazarar ramuka daga tsohon. Kowane rami ya ɗan ɗara kaurin tsirkiyarsa kaɗan. A sirarin saiti na jitar lantarki, ƙarama wajen milimita 0.25 ce, babba wajen 1.17, don haka bakin zarto ya yi wa ƙananan faɗi. Samu siraran ƙarafan da makanikai ke auna bakin fulogi da su, ka yi musu haƙora, ka ƙarasa gogewa da guntun tsohuwar tsirkiya. Ramin ya gangara wajen maɗauri, tudunsa ya kasance ta bakin wuyan.

5. Gwaji: danna tsirkiya a firet na 3, ka dubi na 1. Ya kamata a ga ɗan tsakani kamar kaurin takarda. In ya yi sama, yatsunka za su sha wuya kuma sauti ya karkace. In ya taɓa, za ta riƙa zizara. Yanka kaɗan, gwada, ƙara kaɗan. Abin da ka goge ba ya dawowa.

6. Goga bakin fensir a ramukan, ka sa ɗigo biyu na farin gam, ka ɗaure.

Gaskiya ƙashi na farko da na yanka na lalata shi, na zurfafa rami ɗaya. Na biyu ya yi. Yini guda ya ci min, amma ƙas ɗin nan ya tafi, yaron ya zauna a bencin shagona ya kaɗa har masu jiran caji suka taru.

Don haka kafin ka miƙa jitarka, ko wayarka ma, ga kowa, tambaye shi wane gam zai sa, kuma yaya za a cire shi gobe. In ya ɗauko ƙaramar kwalbar nan yana murmushi, karɓi kayanka ka yi gaba. Wanda ke ganin roba ta fi ƙashi, shagona a buɗe yake, ya zo da jitarsa mu gwada a gaban jama'a.