Inda layi ya karye: waƙar Narambaɗa a shafin Wikipedia

Waƙar Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, an gina ta ne a kan karɓa-karɓa: jagora ya kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su tare shi, sannan a koma gindi. Kunne yana rarrabe wannan ba tare da taimako ba. A rubuce kuwa, ƙarshen layi ne kaɗai ke nuna inda jagora ya tsaya da inda amshi ya ɗauka. Ga shi kuma ƙarshen layin ne abin da ya fi saurin ɓacewa a Wikipedia ta Hausa.

Dalilin yana cikin MediaWiki, manhajar da ke tafiyar da shafin. Idan marubuci ya sauka layi sau ɗaya, manhajar ba ta ganin komai sai tazara tsakanin kalmomi biyu. Sai ya bar layi guda fayau take buɗe sabon sakin layi. Saboda haka wanda ya zauna ya jera baitocin Bakandamiya tsaf a wayarsa zai tarar da su a dunƙule kamar rahoton jarida da zarar ya wallafa.

Maganin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne alamar 
 ta HTML, a liƙa ta a wutsiyar kowane layi. Tana aiki, kuma nan ne haɗarinta, domin tana koya wa marubuci cewa harsunan nan biyu suna jin juna a ko'ina. Ba sa ji. Alamomin wiki irin su * da # ba su da iko sai a farkon layi na gaskiya. In aka sa su bayan 
, ko a layi ɗaya bayan <div>, sai su fito tsirara a idon mai karatu. In kuma aka fara layi da tazara don a tura amshi ciki, sai manhajar ta zuba shi a wani akwati mai launin toka.

Jerin sarakuna ma bai tsira ba. A ɗauki na ƙarshen zamanin Alƙalawa: Bawa Jan Gwarzo, Yakubu, Nafata, da Yunfa wanda birnin ya faɗi a hannunsa a 1808. Idan aka jera su da # aka bar layi fayau tsakaninsu don ado, lissafin yana komawa farko kowane karo, kowane sarki ya zama na ɗaya. A ƙasar da ake auna gidajen sarauta da wa ya gaji wa, daga Sabon Birni har Tsibiri, wannan kuskure ne a tarihi.

Abin da ya dace shi ne kowane aiki a ba shi kayansa. Waƙa tana da nata: a rufe baitocin tsakanin <poem> da </poem>, manhajar za ta kiyaye kowane layi yadda aka sauke shi, kuma ɗigo biyu a farkon layi za su tura amshi ciki. Ita 
 a bar mata ƙananan wurare inda sauka layi zai rusa tsari, kamar cikin jeri ko akwatin bayani.

Masu cewa muddin shafi ya fito daidai ba a tambayar yadda aka yi, su tuna da 2018. A shekarar Wikimedia ta ajiye Tidy, manhajar da ta daɗe tana gyara kurakuran HTML a ɓoye, ta ɗauko RemexHtml. Shafukan da aka bar alamominsu a buɗe suka canza kama, alhali ba wanda ya taɓa su.

Yankin nan kuma bai cika samun damar komawa gyara ba. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Wanda ya san inda Narambaɗa ke numfasawa yana iya rasa intanet na tsawon makonni, shafin kuma ya koma hannun mai gyara na nesa wanda bai taɓa jin waƙar ba, ba shi da abin dogaro sai layukan da ya tarar.