Auna sauƙin sufuri a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan

Masana lissafi suna auna sauƙin zirga-zirga a birni ta hanyar ɗaukar kowace tasha a matsayin ɗigo, hanyar da ke tsakanin tashoshi biyu kuma zaren da ya haɗa su. Leonhard Euler ne ya aza harsashin wannan fanni a 1736, da ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Konigsbag. A jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, mai layuka 11 da tashoshi 272, ana ƙirga mintunan tafiya daga kowace tasha zuwa sauran, da yawan sauyin jirgi. Tashar King's Cross St Pancras, inda layuka shida suka haɗu, takan samu maki mai yawa na sauƙin zirga-zirga. Sai dai lissafin yakan yaudari mai tsara birni idan ya ɗauka kowa na iya hawa matakala. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tashoshin ne kawai mai keken guragu ke iya shiga. A gare shi, hanyoyi da dama sukan ƙara tsawo, wasu unguwanni ma su gagara. Saboda haka ya kamata a yi lissafin sau biyu, ɗaya ga mai iya hawa matakala, ɗaya ga mai keken guragu, sannan a fara sanya lif a tashoshin da za su buɗe hanyoyi mafi yawa.