Tsohuwar Maytag: Na'urar Wanki Mai Ƙarko da Yawan Shan Ruwa

A shekarar 1967 kamfanin Maytag na ƙasar Amurka ya fara wata talla a talabijin wadda aka daɗe ana tunawa da ita. Akan nuna wani makanikin gyaran na'urar wanki zaune a shagonsa ya yi tagumi, yana jiran a kira shi aiki, amma shiru, domin wai na'urorin Maytag ba sa lalacewa. Ɗan wasa Jesse White ne ya riƙa fitowa a matsayin makanikin har tsawon shekara 20 da 'yan kai. Talla dai ba hujja ba ce, kowane ɗan kasuwa hajarsa yake yabo. Sai dai har yau akwai gidaje a Amurka da ke wanki da Maytag ƙirar shekarun 1970, masu su kuwa sukan ce ba a sake yin irinta ba. Ta fuskar ƙarko da sauƙin gyara sun faɗi gaskiya. Inda suka yi kuskure shi ne ɗauka da suka yi cewa ƙarko kaɗai ne ma'aunin na'ura, alhali kuwa an biya kuɗin wannan ƙarko da ruwa da wutar lantarki masu yawan gaske.

Frederick Maytag ya kafa kamfanin tare da abokan hulɗarsa a garin Newton na jihar Iowa a 1893, kuma da farko kayan aikin gona suke ƙerawa. A 1907 suka fitar da na'urar wanki ta katako wadda ake juyawa da hannu, a 1915 kuma suka ɗora wa wata ƙaramin injin fetur saboda manoman da wutar lantarki ba ta kai gare su ba. A 1922 suka fito da dabarar sanya maburgi a ƙasan gangar wanki, wanda ke kaɗa ruwa ya ratsa tufafi. Na'ura mai sarrafa kanta, wato wadda ke ɗibar ruwa ta wanke ta ɗauraye ta matse ba tare da an tsaya a kanta ba, ba Maytag ne ya fara ta ba. Kamfanin Bendix ne ya riga kowa a 1937, ko da yake tasa sai an ɗaure ta da noti a jikin daɓe don kada girgiza ta sa ta yi tafiya. Maytag bai fito da tasa ba sai 1949. Sunan da ya yi kuwa ya samo shi ne daga ƙirar da ya zauna a kanta tun daga tsakiyar shekarun 1950, wadda samfura irin su A606 da A806 suka fi shahara a cikinta.

Ya kamata ɗalibin kimiyya ya tsaya ya dubi yadda wannan ƙira take, domin a nan hikimar take. Na'urar wanki mai buɗewa ta sama tana da aiki iri biyu masu saɓani. Lokacin wanki ana so ganga ta tsaya cik, maburgi ya riƙa kai da komo a hankali. Lokacin matsa kuwa ana so ganga gaba ɗaya ta yi juyi da gudu. Wasu kamfanoni sun warware wannan da kulocci da maganaɗisun lantarki masu sauya giya. Injiniyoyin Maytag sai suka bar wa injin lantarkin aikin: idan ya juya ta wannan fuska wanki ne, idan ya juya ta waccan matsa ce. Faifan da bel ke ja yana zaune ne a kan sandar ƙarfe mai zare, kamar noti a kan ƙusarsa. In inji ya juya ta fuskar wanki, faifan yana sauka ƙasa, birki ya riƙe ganga, giya ta mayar da juyin ya zama kai da komon maburgi. In ya juya ta ɗaya fuskar, faifan sai ya hau zaren ya tura birki sama ya sake shi, daga nan akwatin giya da ganga su ɗauki juyi tare. A daidai lokacin bel na biyu yana juya famfo yana fitar da ruwa.

Babu kulocci a ciki ko ɗaya. Injin yana zaune a kan wani faranti mai zamewa wanda sifirin ke ja, saboda haka idan ganga ta cika da ruwa da jiƙaƙƙun kaya, bel ɗin yakan ɗan zame a kan faifai har ganga ta ɗauki gudu sannu a hankali. Wato abin da makanikin mota zai kira aibi, zamewar bel, shi aka mayar aiki. Wannan ne dalilin da ya sa bel ɗin Maytag ke da rufin ƙyalle na musamman, kuma wanda ya sa mata fambel na mota don neman araha zai ga bel ya kama gam, inji ya yi zafi ya tsaya.

Duk sassan da ba a sa a cikin na'ura ba, ba za su taɓa lalacewa ba. Wannan shi ne rabin sirrin ƙarkon Maytag. Sauran rabin kuwa kayan ƙira ne da sauƙin isa gare su. Gangar ƙarfe ce da aka shafe da tangaran, irin rufin kwanon langa, wanda ba ya tsatsa muddin bai ɓantare ba. Abin da ke tsara matakan wanki agogo ne mai ƙaramin inji da 'yan haƙora masu buɗe wuta da rufewa, ba allon kwamfuta ba. Ana kwance sukuru biyu a cire murfin gaba, sai ga inji da famfo a fili. Bel kuwa a ƙasa yake, ana kishingiɗar da na'urar a sauya shi da hannu ba tare da sifana ba. Kuma da yake kamfanin ya shafe shekaru masu yawa bai sauya tushen ƙirar ba, sassan gyara da dama suna shiga samfura daban-daban. Na'urar da za a iya gyarawa da ɗan kuɗi kaɗan ba a jefar da ita, wadda ba a jefar ba kuwa ita ake cewa ta yi ƙarko.

A nan ma akwai wani tarko na tunani da ya dace malamai su nuna wa ɗalibai. Tsofaffin na'urorin da ake gani suna aiki yau su ne waɗanda suka tsira. Waɗanda suka ruɓe aka kai su bola shekaru da suka wuce ba sa nan balle a ƙirga su. Wanda ya auna ingancin kayan dā da 'yan tsirarun da suka rage, lissafinsa ya karkata tun daga tushe. Bugu da ƙari, Maytag a zamaninta tana cikin masu tsada, ba ita ce na'urar kowa da kowa ba.

Babban aibinta ruwa ne. Irin wannan ƙira ba ta wanki sai ta cika ganga har tufafi su yi iyo, sa'an nan ta zubar ta sake cikawa don ɗauraya. Wanki ɗaya yakan ci kimanin lita 150, wato jarka 6 ta ɗan garuwa mai cin lita 25. Na'urar zamani mai buɗewa ta gaba, wadda ke ɗaga tufafi ta yar da su cikin ruwa kaɗan, tana gama aikin da kimanin lita 50 zuwa 60. Yawan ruwa kuma yana jawo yawan wuta, domin dumama ruwa ya fi juya inji cin makamashi nesa ba kusa ba. Lita ɗaya ta ruwa tana buƙatar kilojul 4.2 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. A ɗauka za a dumama lita 70 daga digiri 20 zuwa 50: lissafin zai ba da kilojul 8,820, wato kusan yunit biyu da rabi a mitar wuta, alhali injin da ke juya na'urar bai cin ko rabin yunit a wanki guda. Lokacin da aka zana wannan ƙira ruwa da makamashi suna da araha a Amurka, babu wanda ya damu da wannan lissafi.

Matsarta ma ba ta kai ta kawo ba. Gangar tana juyi kusan sau 620 a minti ɗaya, na'urorin yanzu kuwa da yawa suna kai 1,200 ko fiye. Ƙarfin da ke fitar da ruwa daga zare yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, ma'ana idan gudu ya ninka sau biyu a ganga mai faɗi ɗaya, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Saboda haka tufafi suna fitowa daga tsohuwar Maytag da sauran ruwa mai yawa. A ƙasar da rana ke busar da shanya cikin sa'a ɗaya wannan ba wani abu ba ne, amma a inda ake dogara da na'urar busarwa, ƙarin kuɗin wuta ne kowane mako.

Akwai wasu ƙananan aibobi. Gangar ba ta da girma, kuma idan aka cusa mata kaya ba sa jujjuyawa sosai, na sama su zauna a sama, na ƙasa maburgi ya yi ta murza su. Idan kaya suka taru a gefe ɗaya lokacin matsa, na'urar takan kashe kanta ta jira mutum ya zo ya daidaita. Kuma ba kowane gyara ne mai sauƙi ba: idan robar da ke toshe ruwa a ƙarƙashin ganga ta tsufa, sai an tsige maburgi da gangar ciki da sifana ta musamman, in kuwa aka yi sakaci ruwa ya gangara ya ɓata boris.

Masu sayen kaya saboda suna kawai su ma suna da abin dubawa a tarihin kamfanin. A 1997 Maytag ya fito da Neptune, na'ura mai buɗewa ta gaba mai tsimin ruwa, wadda manufarta ta yi daidai amma ƙirarta ta zo da matsala. Masu saye suka yi ta kukan funfuna da wari a robar ƙofa da ƙonewar allon sarrafawa, har maganar ta kai kotu. Kamfanin Whirlpool ya saye Maytag a 2006, aka rufe masana'antar Newton a 2007. Ana ci gaba da sayar da na'urori masu wannan suna, amma abin da ke cikinsu ba ƙirar Newton ta bel biyu ba ce. Ingancin dā yana cikin zanen injiniyoyi ne, ba cikin harufan da aka liƙa a gaban akwati ba. Abin da ya cancanci masu ƙira na yanzu su gada daga tsohuwar Maytag shi ne ƙarancin sassa da murfin da ke buɗuwa da sukuru biyu, su haɗa shi da tsimin ruwan da ita ba ta da shi.

Irin waɗannan na'urori na Amurka sukan faɗo cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su Afirka ta Yamma, kuma mai sha'awar saye yana da lissafin da zai yi tukuna. An ƙera su ne don wuta mai folt 120 wadda ke sauya fuska zagaye 60 a daƙiƙa, alhali wutar Nijeriya da Nijar folt 220 zuwa 230 ce mai zagaye 50. Taransifoma tana rage folt, amma ba ta taɓa yawan zagayen. Gudun irin wannan inji kuwa ya dogara ne a kan zagayen, saboda haka zai yi kashi biyar cikin shida na gudunsa: matsar da take 620 ta koma wajen 515, wankin minti 30 ya zama na 36 domin agogon ma ya rage sauri, injin kuma ya riƙa yin zafi fiye da yadda aka tsara masa. Na'urar ba ta da abin dumama ruwa a cikinta, tana jiran ruwan zafi ne daga bututun gida, kuma bawul ɗinta yana son ruwa mai ƙarfi, ba wanda ke tsiyayowa daga gajeren tanki ba. A gidan da ruwan famfo ke zuwa sau biyu a mako, jarka shidan nan na kowane wanki su za a fara ƙirgawa kafin a tambayi farashi.