Bayan An Yi Sulhu, Wa Zai Ɗauki Kuɗin Shari'a?

Ga wata mas'ala wadda take ta da husuma bayan ta kwanta. Mutum biyu su yi jayayya a kan gona ko rumfar kasuwa, su kai gaban alƙali, kana dattawa su sulhunta su. Ba a rufa wata guda ba sai ɗaya ya ce a mayar masa da abin da ya kashe. Na ga haka a Ƙaura Namoda tsakanin wa da ƙane, a kan wata fadama ta bakin Gagare. Fadamar ta rabu lafiya, kuɗin mota da na lauya suka hana su gaisawa.

To, malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. A cikin Tuhfa, Ibnu Asimi ya ɗora ladan ɗan aiken alƙali a kan mai neman hakki, sai fa in wanda ake ƙara ya yi taurin kai, ya ƙi amsa kira, sa'an nan ladan ya koma kansa. Watau abin dubawa shi ne wanda ya jawo wahala da gangan. Wanda ya yi jayayya bisa zaton gaskiya, kana aka kayar da shi, ba a kiransa azzalumi.

Amma sulhu ba shi da wanda aka kayar. A Muhtasar, in an yi shi a kan wani abu dabam, hukuncinsa na ciniki ne ko ijara. In kuwa a kan sashen abin da ake nema ne, kyauta ce. Ɗan kasuwar Shinkafi ya san ba a sallama kaya ranar Alhamis a dawo ranar Juma'a neman ƙari. Saboda haka abin da ba a ambata ba a wurin sulhu, a ganina kowa ya ɗauki nasa.

Nauyin kuwa ya ƙaru. A zamanin En'e ushira ake cira, ɗaya cikin goma, kowa ya san iyakarta. Yanzu, ko da yake kotunan Shari'a sun fara aiki a Zamfara a 2000, tsarin mulki na 1999 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure da gado da waƙafi da makamantansu. In jayayyar mallakar gona ce tsantsa, ɗaukaka ƙara Babbar Kotu take zuwa, can kuwa da wuya a tsaya ba lauya. Alƙalin can yakan yanka wa wanda ya ci shari'a wani abu, amma ba safai yake kai ladan lauya ba. Ga kuma ɗauko shaidu daga Zurmi, a hanyar da 'yan bindiga suka sa direba ya tsawwala kuɗi.

Don haka mai rubuta takardar sulhu, limami ne ko hakimi, kada ya ɗaga alƙalami sai ya tambayi kowa abin da ya kashe. A rubuta kuɗin kotu da na awon fili da na shaidu, a faɗi wanda zai biya ko a ce an yafe. In akwai wanda ya yi ta ƙin zuwa zama har aka yi asarar tafiya, a lissafa masa wannan tun ana zaune, shaidu su sa hannu, kana a kai wa alƙali ya tabbatar.