Ƙarfin Daka Daban, Ƙarfin Tamaula Daban

'Yan'uwana mata, a wannan mako maganar gwiwar 'ya'yanmu na kawo muku.

Kwanan baya na je ganin gida a Gubuchi, can ƙasar Maƙarfi. Na tarar da 'yar ƙanwata, mai shekara 14, zaune bisa tabarma, gwiwa ta kumbura suntum. Wai suna buga tamaula ne a makaranta, ta yi tsalle ta dira, ba wanda ya taɓa ta, sai ta ji ƙas. Uwar ta ce mini, "Yaya, yarinyar da ke daka, ta ɗauko damin rake tun daga fadama, ina ita ina rashin ƙarfi?"

To, a nan ne muke kuskure. Daka da ɗaukar kaya suna ƙarfafa hannu da wuya da baya, amma ba su koya wa ƙafa yadda za ta tsaya cak tana cikin gudu ba. A cikin gwiwa akwai wata jijiya da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Likitoci sun tabbatar ta fi saurin tsinkewa ga mata 'yan ƙwallo bisa ga maza, musamman bayan balaga, domin yarinya takan dira ƙafa a sandare, gwiwa ta karkata ciki. In kuwa ta tsinke, mai ɗori ba shi da abin yi. Sau da yawa sai an kai ga aiki a babban asibiti irin na Shika ko na ƙashi da ke Dala, sa'an nan a yi wata tara ko fiye ba wasa. Kuɗin kuwa, kada ma a tambaya.

Alhali rigakafin bai wuce minti 20 ba. A shekarar 2008 aka bayyana wani bincike da aka yi a ƙasar Norwe a kan 'yammata wajen 1,900, 'yan shekara 13 zuwa 17. Waɗanda suka riƙa yin wani tsarin motsa jiki kafin wasa, raunukansu sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsarin shi ne wanda hukumar FIFA ta yaɗa da sunan 11+, kuma ba ya bukatar ƙarfe ko na'ura.

Yarinya ta kife bisa gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki miƙe kamar taɓarya, ta yi rabin minti. Ta durƙusa, ƙawarta ta danne mata idon sawu, ita kuwa ta sunkuya gaba sannu sannu ba tare da ta lanƙwasa ƙugu ba. Wannan shi ke ƙarfafa bayan cinya, kuma shi yara suka fi ƙi, don yana da zafi. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jefa mata ƙwallo, da tsugunno, da tsalle a dira a hankali, gwiwa daidai da yatsu. Sau biyu a mako aƙalla.

Na san wasu za su ce wannan zai mai da 'ya mace ƙatuwa kamar ɗan dambe, ko ya tsumburar da ita. Ba haka ba ne, muddin da babba mai lura. Abin da ni ma ban yarda da shi ba shi ne a miƙa mata gwangwanin siminti irin wanda samari ke ɗagawa a bayan gari.

Tun da Super Falcons suka ci kofin Afirka karo na 10 a Maroko a 2025, 'yammata sun ƙara ɗokin ƙwallo, har a ƙauye. Wadda ba ta son 'yarta ta buga, wannan shawarar gidansu ce. Amma wadda ta yarda, don Allah ta taka har makaranta, ta tambayi mai koyar da wasanni abin da yara ke yi kafin a jefa musu ƙwallo. In ya ce zagaya fili sau biyu, ta ce masa bai isa ba.

Ita dai 'yar tawa, ran Litinin za mu kai ta a ɗauki hoton gwiwar.