Gizon Tatsuniya Mun San Shi, Na Kusurwar Ɗaki Fa?



A zaman ƙungiyarmu na watan jiya an karanta wani gajeren labari da aka gina a Wudil. Jarumar ta buɗe ɗakin mahaifiyarta da ke rufe tun rasuwarta, sai marubucin ya ce gizo-gizo sun cika ɗakin saboda sun gudo wa sanyin waje. Da muka tambaye shi inda ya samo wannan, sai ya ce a intanet. Ba mu yi masa dariya ba, domin laifin namu ne duka. Mun haddace Gizo da matarsa Ƙoƙi tun a tabarmar kakanninmu, mun san akwai Suratul Ankabut, sura ta 29 a Alƙur'ani, har intanet ɗin ma mun raɗa mata suna yanar gizo. Amma gizo-gizon da ke rataye a saman gadonmu, ba mu taɓa tsayawa mun kalle shi ba.

Zancen gudun sanyi daga Turai ya taso. A Ingila ana yawan ganin manyan gizo-gizo cikin gidaje a watan Satumba, kuma ko a can masana sun ce yawanci maza ne suka fito neman mata, daman a gidan suke zaune. Mu kuwa lokutanmu huɗu ne, kowanne da yadda yake tafiyar da gizo-gizo.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, abinci ne ke kawo shi. Ruwan farko na sauka shinge zai tashi, sauro da ƙananan ƙwari su yi ta zuba daga Kogin Wudil da fadamun da ke gefensa, su taru a ƙwan lantarki. Gizo-gizo ƙwari yake ci, don haka a nan yake kafa saƙarsa: gefen fitila, bakin taga, saman ƙofar banɗaki. Sabuwar saƙa siririya ce, sai haske ya doke ta ake ganinta.

Da kaka, mu ne muke shigo da wasu da hannunmu. Damin gero da dawa, karan da za a yi danga, harawar dabbobi, itacen girki, duk suna zuwa da gizo-gizon gona da jakar ƙwansu a maƙale. Wanda ya taɓa sauke dami a tsakar gida ya ga yadda suke watsewa.

Da hunturu, ƙura ce ke tona asiri. Hazo na shigowa ta kowace kafa ya kwanta a kan tsohuwar saƙa, ta yi kauri ta yi ja, ta riƙa reto daga azara ko silin. Shi ya sa uwargida ke cewa yana ta yi yawa, alhali ƙwari sun ragu. Da yawa daga cikin saƙar babu kowa a ciki.

Da bazara kuwa, a Maris da Afrilu, neman danshi ake yi. Ɗaga randa ko ka leƙa bayan tulu, a can za ka same shi ya lafe.

Wani zai ce mai karatu soyayya da rikicin gado ya zo nema, ina ruwansa da gizo-gizo? Gaskiya ne ba littafin kimiyya muke rubutawa ba. To amma mai karatu ɗan Wudil ya share yana da tsintsiya sau ba adadi. Ranar da ya kama mu da ƙarya a kan abin da ke kusurwar ɗakinsa, da wane ido zai kalli hawayen jarumarmu? Kuma dubi abin da marubucin nan ya rasa. Da ya ce saƙar ta yi jajir da ƙurar hunturu, ƙasassun shingen damina na maƙale a jikinta, da mun gane ɗakin ya haura wata shida a rufe ba tare da an faɗa mana ba.

Har lafiyar mutane tana ciki. Idan fata ta yi bororo da damina mukan ce tautau ne. Sau da yawa ba gizo-gizo ba ne, wani ɗan siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke bin fitila, wanda ruwan jikinsa ke ƙona fata idan an murtsuke shi. Marubucin da ya san haka zai iya sa wata kaka ta ɗora wa tautau laifi, jikarta ma'aikaciyar jinya ta musa, ga hira ta samu, mai karatu kuma ya koyi hure ƙwaron a maimakon murtsuke shi.

Ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya nemi saƙa ɗaya a gidansu, kada ya share ta har kwana bakwai. Ya rubuta inda take, abin da ta kama, da yadda garin ya wayi kowace rana. Daga nan ya fitar da sakin layi ɗaya da zai nuna mana lokacin shekara ba tare da ya ambaci sunansa ba. Mu kawo a karanta a zama na gaba.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.